Inda Ƙarfin Toka Ya Tafi

A Kashin Zama, can ƙasar Aliero, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Sunanta na yanka sai a makaranta ake jin sa.

Uwarta ita ce Inna Delu. Duk garin an san Inna Delu da abu biyu. Na farko, ba a danne ta a ciniki. In ta tsuguna gaban kaya ta taya, sai mai kayan ya share zufa. Na biyu kuwa, tokar miya.

Ga yadda ake yin ta, ga wanda bai taɓa gani ba. A ƙona busasshen karan gero a wuri mai tsabta. A kwashe tokar. A samu tsohuwar tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa tsumma mai tsabta a ciki, a zuba tokar, a bi ta da ruwa. Sai ruwan ya riƙa ɗiga ɗis, ɗis cikin kwano, launinsa kamar na shayi. Wannan ruwan shi ake sa wa miyar kuka ko ta kuɓewa. Shi ke sa miya ta yi yauƙi. Shi ke sa wake ya nuna da wuri.

Mata da yawa sun bar wannan aiki. Kanwa suke saye a kasuwa, su huta. Inna Delu kuwa ta ce ita kanwar kasuwa ba ta taɓa ganin cikin tukunyarta ba, kuma ba za ta gani ba.

Auta ma tana da abin da take ji da shi. Wani ɗan ɗaki ne na karan gero, a lungun gida kusa da danga. Ita da kakanta, Kaka Ɗantsoho, suka gina shi da kaka, bayan girbi. Shi ya kafa, ita ta miƙa masa kara da igiya. Ɗakin yana da ƙofa, yana da 'yar taga. A ciki take ajiye 'yar tsanarta da gwangwanayen girkinta. Ƙawayenta in sun zo, sai sun yi sallama kafin su shiga.

Kaka Ɗantsoho kullum yana tsokanarta. Amarya yake ce mata. Yakan ce ya gina mata ɗaki, amma har yau bai ga ko tuwon ƙasa ba. Ita kuma takan ce ba ta girka wa mijin da ba shi da haƙora.

Ana nan, a ƙarshen rani, sai ga waya daga Gehuru. Naja'atu, yayar Auta da ke aure can, ta haifi namiji. Gida ya kaure da guɗa. Baban Auta ya bi motar albasa zuwa kudu, shi ma ta waya aka yi masa albishir.

Bayan barka, sai uwar mijin Naja'atu ta karɓi wayar. Tsohuwa ce, Hajiya Fatimatu. Ta ce tana da roƙo ɗaya. Ita kanwa tana murɗa mata ciki, ta daɗe ba ta sha miyar kuka da daɗi ba. Tana son miyar suna a yi ta da tokar Inna Delu.

Matan unguwa suna zaune, suna ji. Inna Delu ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki," in ji ta. "In dai toka ce, kin samu. Ki gaya wa mutanen Gehuru su zo da yunwarsu."

Magana ta fita a gaban mutane. Sai dai a lokacin kara ya yi wuya. Dabbobi sun ci, an yi danga da wani, an hura wuta da sauran. Dami na ƙarshe ya rage wa Inna Delu a bayan rumbu. Ta ƙona shi. Da tokar ta huce, ta zuba ta a kwando da aka shimfiɗa wa tsohon buhu. Ta ɗora kwandon a kan tsohon turmi a tsakar gida, gefen kaskon da aka binne bakinsa daidai da ƙasa, inda agwagi ke shan ruwa. Ta rufe da babbar leda, ta ɗaure da igiya.

Washegari ta shirya zuwa kasuwar Jega sayen kayan barka. Daga can za ta wuce Gehuru ta kwana wajen mai jego. Kafin ta fita ta kira Auta.

"Kin ga ledar ga? Kada ki taɓa ta. Sama ta fara canja fuska. Ko ɗigo ɗaya ban yarda ya taɓa tokar nan ba."

Auta ta ce to.

Da la'asar, bayan ta dawo makaranta, sai hadari ya haɗu ta gabas. Iska ta taso da sanyi. Yara suka cika hanya suna tsalle, don ruwan farko ne na bana. Auta ma ta fito da gudu. Sai ta waiwaya ta ga ɗakinta.

Iska tana kaɗa shi. Ba shi da rufin kirki. In ruwan nan ya sauka, kara zai jiƙe, ya yi baƙi, ya ruɓe.

Ta duba nan, ta duba can. Babu leda a gidan sai ɗaya.

Ta tsaya gaban kwandon tana ciniki da zuciyarta. Zuciya ta ce, Inna ta hana. Auta ta ce, ai toka ce kawai. Zuciya ta ce, in ta jiƙe fa? Auta ta ce, wanki ma yana jiƙewa ya bushe. Gobe in an yi rana sai ta shanya ta. Wa zai sani?

A nan ciniki ya faɗa. Ta kwance igiya, ta janye ledar, ta lulluɓe ɗakinta, ta danne da duwatsu. Sannan ta fita wasan ruwa.

An sha ruwa kuwa. Auta ta yi tsalle, ta yi rawa, ta buɗe baki sama ta sha. Ta dawo jiƙe sharkaf tana dariya. Ta leƙa ɗakinta, ta tarar ko ɗigo bai shiga ba.

Kaka Ɗantsoho yana zaune a bakin ƙofarsa. Ya dubi ɗakin kara, ya dubi kwando. Ya ce, "Amarya, ɗaki ya sha rufi." 

Da safe rana ta fito tas. Kafin ta tafi makaranta, Auta ta baza tokar a kan faifai da tabarma. Da ta dawo ta tarar ta bushe. Ta ma fi da haske. Ta mayar da ita kwando, ta rufe da leda, ta ɗaure igiya yadda ta gan ta. Ta ja da baya ta duba. Ko ita ba za ta ce an taɓa ba.

Abu ɗaya ne ya ba ta mamaki. Agwagin gidan sun ƙi shan ruwan kaskonsu, alhali ruwan sama ya cika shi. Sai su zo, su tsoma baki, su girgiza kai, su wuce suna ta gunaguni. Auta ta yi musu dariya. Ta ce sun cika iyayi.

Da yamma Inna Delu ta dawo da kaya niƙi-niƙi. Ta ba da labarin jariri, wai hancinsa na Kaka Ɗantsoho ne. Kaka ya ce Allah ya rufa wa yaron asiri. Ta ba da labarin yadda ta yi da mai atamfa a Jega, har ya roƙe ta ta ɗauka ta tafi don Allah. Ta kawo wa Auta sabon ɗankwali na zuwa suna. Ta dubi kwando, ta ga leda a ɗaure, ta ce Allah ya yi wa Auta albarka.

Auta ta kau da kai daga kwandon, ta yi kamar tana duba sabon ɗankwalinta.

Da sassafe Inna Delu ta ɗauko tukunyar tata mai huji. Ta zuba toka, ta zuba ruwa. Ruwa ya fara ɗiga. Auta tana wanke ƙafa za ta makaranta, amma idonta yana kan kwano.

Ruwan ya fito fari-fari, ba kamar shayi ba.

Inna Delu ta tsoma yatsu biyu ta murza. Ruwan toka mai kyau santsi yake yi kamar sabulu. Wannan bai yi ba. Ta ɗiga a kan harshe. Mai kyau cizon harshe yake yi. Wannan lami ne, kamar ruwan randa.

Ta sake zubawa. Ta sake ɗanɗanawa. Sannan ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno.

"Tokar ga ba ta da rai," in ji ta.

Ta ce tun tana budurwa take wannan aiki, ba ta taɓa ganin haka ba. Suna kuma jibi ne. Ina za ta samu busasshen kara bayan ruwan da aka yi? Da wane baki za ta ce wa Hajiya Fatimatu babu, bayan abin da ta faɗa a gaban mata?

Sai ta juya wajen Kaka Ɗantsoho. Ta san yakan ɗebi toka ya barbaɗa a akurkin kaji. Da ladabi ta tambaye shi, ko ya ɗebi tata ne ya cika mata da ta murhu?

Kaka ya sosa gemu. Ya ce shi tsufa ya kama shi, ba ya tuna abin da ya ci jiya ma. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ɗan dubi Auta ta gefen ido.

Auta ta suri jakarta ta fita.

A aji ranar ba ta ji komai ba. Tunani ɗaya ke kanta. Ta ga tokar da idonta. Ba ta ragu ba. Ba ta canja ba. To mene ne ya fita daga cikinta? Kuma ina ya tafi?

Da aka fita hutun tara, ta tsaya a baya. Malamarsu ta kimiyya, Malama Sadiya, tana cin gyaɗa a bakin taga. Auta ta matsa, tana murza bakin hijabi. Ta ce wai wata yarinya ce, a wani gida, ruwa ya daki tokar uwarta. Ta shanya ta bushe. Amma da aka tace sai ta fito lami.

Malama Sadiya ta dube ta. Ta ce wannan yarinya ta kawo tambaya mai kyau. Ta aiki Auta wajen mai awara a bakin makaranta, ta roƙo ɗan gishiri. Ta zuba shi cikin ruwa kaɗan a kofi, ta juya da cokali.

"Ina gishirin?"

"Ya ɓace, Malama."

"Ɗanɗana."

Auta ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Gishiri yana nan daram.

Malama ta ɗiga ruwan a kan murfin gwangwani, ta ajiye a rana. Ta ce su zauna su jira. Suna jira tana yi mata bayani.

Ta ce ruwa ɗan dako ne. Duk inda ya bi, sai ya ɗauki kaya. Akwai abubuwa a cikin ƙasa da duwatsu masu kama da gishiri, ana ce musu sinadarai. Ruwa yana narkar da su, ya tafi da su, ido ba ya gani. Shi ya sa rijiyar wani gari take da zartsi, ta wani garin kuma take da daɗi. Kowane ruwa da irin ƙasar da ya ratsa. Shi ya sa kuma ake ganin fari-fari a gindin butar shayi in ta daɗe ana dafa ruwa a ciki.

Ta ce gero ma ta haka yake ci. Saiwarsa tana shan ruwa tare da sinadaran ƙasa, su hau cikin kara su zauna. In an ƙona kara, wuta ta cinye abin da za ta iya ci, sinadaran su rage a toka. In an zuba wa tokar ruwa, su narke su bi shi.

"To yarinyar nan taki," in ji Malama, "ruwan sama ne ya riga uwarta tacewa. Ya kwashe abin da ake so, ya bar mata abin da ba ya narkewa. Ko ta shekara tana shanyawa, ba zai dawo ba."

 Auta ta tambaya a hankali ko ya ɓace ke nan har abada.

Malama ta ce ba ya ɓacewa, wuri yake canjawa. Wani ya nutse ƙasa, shuka ta sake sha. Wani ya bi kwari ya faɗa gulbin da ya ratsa ta Jega, ya yi ta tafiya har teku. Ruwan teku ma da haka ya samu gishirinsa, kaɗan-kaɗan, tun zamanin da.

Sai ta ɗauko murfin gwangwanin. Ruwan ya ƙafe. Ga farin gishiri ya kwanta a kai, yana ƙyalli.

"Ruwa ya tashi sama, ya bar kayansa. In kina son sanin inda abu ya tafi, bi sawun ruwan." Ta miƙa wa Auta gyaɗa. "Ki kuma gaya wa yarinyar nan, uwarta ta fi kowa cancantar jin wannan labari."

Da aka tashi, Auta ba ta tsaya wasa a hanya ba. Ta tarar Inna ta fita zagayen gidaje neman kara. Ta ajiye jaka, ta tsuguna gaban tsohon turmi.

Ga shi kuwa. Wani farin layi ya bi jikin turmin daga sama har ƙasa, kamar an ja shi da alli. Ta bi shi da yatsa. Daga gindin turmi ya karkata, ya bi ɗan gangare, ya tsaya a bakin kaskon agwagi. Bakin kaskon ma ya yi farin zobe, inda ruwa ya ja baya.

Ruwan ciki kuwa launin shayi ne.

Ta tsoma yatsu biyu ta murza. Santsi kamar sabulu.

Ashe agwagi ba iyayi suke yi ba. Tun jiya suke faɗin gaskiya, ba wanda ya saurare su.

Tana nan tsugune Inna Delu ta shigo, hannu wofi, ƙafa duk laka. Ta ce ta shiga gida ya fi a ƙirga. Duk karan da ya rage ya sha ruwa, ko hayaƙi ba zai yi ba. Ta ce ba komai. Gobe za ta shiga Aliero ta sayi kanwa, ta je ta durƙusa gaban Hajiya Fatimatu ta ba ta haƙuri. Ta faɗi haka tana kallon gefe. Auta ba ta taɓa jin muryar uwarta ta yi ƙasa haka ba.

Ta miƙe.

"Inna, ba Kaka ba ne. Ni ce."

Ta faɗi komai. Yadda ta cire leda, yadda ta shanya toka, yadda ta ɗaure igiya don kada a gane. Tana faɗa tana hawaye, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta kama hannun Inna ta nuna mata farin layin, har zuwa kasko.

Inna Delu ta murza ruwan a yatsunta. 

"Cire ledar ƙuruciya ce," in ji ta. "Amma ɗaure igiyar ga, shi ya fi yi mani ciwo. Kin bar ni na sa maki albarka a kan ƙarya. Kin bar ni na tuhumi tsoho."

Ta ce Auta ta je ta ba kakanta haƙuri. Auta ta je ta durƙusa. Kaka ya ce shi dama yana jira ne ya ga ko amaryarsa za ta bari a kai shi gaban alƙali a kan toka. Tunda ta cece shi, ya yafe. Amma tuwon ƙasan nan yana nan yana jira.

Auta ta share hawaye. Ta dawo da sauri ta ce, to ai ga ƙarfin tokar nan a kasko, a kwashe a kai Gehuru mana.

Inna Delu ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni Delu? In ba surukai ruwan da agwagi sunka wanke baki a ciki? Allah ya sawwaƙe."

Kaka ya yi dariya har da tari. Inna ma ta so ta yi, ta danne. Amma dariya ba ta kawo kara ba. 

Auta ta juya ta dubi lungun danga. Ɗakinta yana nan tsaf. Karansa jawur, busasshe ƙarau. A duk Kashin Zama, shi kaɗai ne karan da ruwa bai taɓa ba. Kuma ta san dalili.

Wannan karon ba ta tsaya ciniki da zuciyarta ba. Ta shiga ta fito da 'yar tsana da gwangwanaye. Ta ajiye su a gefe.

"Inna, ga kara."

Inna Delu ta ce ta sake tunani. Kara ba zai dawo ba sai an yi girbi. Auta ta ce ta sani. Ledar toka ce ta rufa masa asiri, to toka ce ke da shi.

Kaka ya ɗauko wuƙarsa. Shi ya ɗaure igiyoyin, shi ya yanke su. Auta ta riƙa kwasar kara tana tarawa a wurin da Inna ta share. Da ta zo kan 'yar tagar, sai da ta ɗan tsaya. Sannan ta ɗora ta a sama.

Inna ta miƙa mata ashana, ta tsaya kusa da ita. Wuta ta kama, kara ya yi ta ƙara, fat, fat. Auta ta yi kuka kaɗan. Ba wanda ya hana ta.

Tokar ba ta kai ta farko yawa ba, amma Inna ta auna da ido ta ce za ta isa. Da ta huce, sai ta ce Auta ce za ta tace. Ta nuna mata yadda ake shimfiɗa tsumma, da yadda ake zuba ruwa a hankali, ba a yi masa gaggawa. Suka tsuguna su biyu suna kallon gindin tukunya.

Ɗis. Ɗis.

Launin shayi.

Inna ta ɗiga a harshe, ta runtse ido ɗaya. Ta ce wannan ko kura ta lasa sai ta yi atishawa.

Suna jiran kwano ya cika, Auta ta ba ta labarin Malama Sadiya, da ruwa ɗan dako, da gishirin da ya dawo a kan murfi. Inna ta saurara da kyau. Ta ce ita ta san toka ba ta son ruwan sama, uwarta ta gaya mata, amma yau ta ji dalili. Ta ce in an dawo suna, za a kai wa Malama kwalba guda.

Ruwan kasko kuma ba a zubar da shi a banza ba. Inna ta ce a ƙara masa ruwa mai yawa, don in ya yi ƙarfi yana ƙona shuka. Auta ta yi ta ɗebowa tana sirkawa. Ta yayyafa shi a filin da ɗakinta ya tashi. Kaka ya ba ta irin kuɓewa daga aljihunsa, ta shuka a wurin. Ta wanke kasko tas, ta zuba sabon ruwa. Agwagi suka zo suka sha, suka yi wanka, ko godiya babu.

Ranar suna Gehuru ta cika. An raɗa wa yaro Ammar. Auta ta ɗaura sabon ɗankwali, ita ta riƙe jarkar ruwan toka a mota, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Aka kaɗa miyar kuka a manyan tukwane. Ta yi kore, ta yi yauƙi, in an ɗaga ludayi sai ta biyo shi. Hajiya Fatimatu ta ci tuwo malmala guda, ta nemi ƙari. Ta ce rabonta da miya irin wannan tun tana amarya. Ta ɗaga murya ta ce hannun Delu daban ne.

Mata suka juyo suna kallon Inna Delu. Kowa ya san ba ta ƙin yabo. Amma sai ta jawo Auta gabanta.

"Wannan karon ba hannuna ba ne, Hajiya. Ɗiyar ga ta tace. Miyar da kunka sha, ɗakinta ne."

Aka tambaya, wane irin ɗaki? Inna ta dubi Auta. Auta ta ba da labarin da bakinta, tun daga leda har agwagi. Mata suka yi ta dariya. Hajiya Fatimatu ta ce ita dai ta gode wa agwagi. Ta sa aka ɗora wa Auta jariri a cinya, ta ce ga ɗanta nan, ta koya masa faɗin gaskiya.

Damina ta yi nisa. Kuɓewar Auta ta tashi, ganyenta faffaɗa, ta fi ta maƙwabta tsawo. Ranar da ta fara tsinka, ita ta yi miyar da kanta, Inna tana gefe tana gyara mata. Ta kai wa Kaka Ɗantsoho kwanonsa.

Ya ci, ya suɗe hannu. Ya ce to, yau dai amarya ta yi girki. In an yi girbi zai gina mata wani ɗakin, har da rufi, don kada ta sake shiga hakkin toka.

Auta ta ce masa a cikin miyar nan akwai tokar Inna ta farko. Ta bi ruwa ta shiga kasko, daga kasko ta shiga ƙasa, daga ƙasa ta hau kuɓewa, yanzu ga ta a cikinsa. Kaka ya shafa ciki, ya ce to ta zauna nan, ta gama yawo.

Yara, ga abin da Auta ta koya. In babba ya ce kada a taɓa abu, akwai dalili, ko da ido bai gan shi ba. Wanda bai gane ba, sai ya tambaya. In kuma an yi kuskure, a faɗa da wuri, a gyara, ko da gyaran zai ci abin da ake so. Ɓoyewa ba ta mayar wa toka ƙarfinta ba. Gaskiya ce ta kai miya Gehuru.